Tambayoyi da amsoshi ga mai son shiga wasan kwaikwayo na daɓe a ƙungiyar sa-kai

Duk sanda wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta fitar da sanarwar tana neman 'yan wasa, tambayoyin nan ne dai suke ta dawowa, daga ɗalibai, ma'aikata, iyaye mata, har da dattawan da suka yi ritaya. Shi ne na tattara su wuri ɗaya, na fara da masu sauƙi kafin masu zurfi. Ina cewa "kai" ne don sauƙin rubutu, amma 'yar uwa har da ke nake.

Wai mene ne bambancin ƙungiyar sa-kai da ta ƙwararru?

Kuɗi da lokaci. Ƙwararre sana'arsa kenan, da ita yake ci yake sha, rihazal ma, wato atisayen wasan, da rana yake yi kamar mai zuwa ofis. A ƙungiyar sa-kai kuwa kowa da abin da yake yi, wannan malamin makaranta ne, waccan nas ce, wancan direba, sai an tashi daga aiki a haɗu da yamma, kuma galibi ba wanda ake biya, abin da aka samu na tikiti yana tafiya ne wajen hayar zaure da fitilu da kayan sawa da izinin marubuci. Wasu ƙungiyoyin suna karɓar ɗan kuɗin zama memba, wannan ba laifi ba ne in dai kowa na biya kuma a fili ake yi. Amma wanda ya ja ka gefe ya ce kawo kaza in ba ka rol, to ka kama gabanka.

Kuma kar ka raina abin don ba a biya. Eugene O'Neill, marubucin nan na Amurka da ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1936, wata ƙaramar ƙungiyar masu sha'awa mai suna Provincetown Players ce ta fara ɗora wasansa a dandamali a 1916. Shi kansa Stanislavski na Rasha, wanda har yau ake koyar da 'yan wasa da tsarinsa, a wasannin da danginsa suke shiryawa a gida ya fara, ya daɗe yana wasan sha'awa kafin shi da wani abokin aikinsa su kafa gidan wasansu na Mosko a 1898.

Ban taɓa yin wasa ba ko sau ɗaya, zan iya zuwa odishin, wato gwajin zaɓen 'yan wasa?

Ƙwarai kuwa, ai don irinka ake buɗe ƙofar. In an ba ka fom an tambayi abin da ka taɓa yi, rubuta gaskiya, babu. Kar ka ƙirƙiro wasannin da ba ka yi ba, duniyar nan ƙarama ce kuma minti biyu ya ishi darakta ya gane. In kana waƙa, ko rawa, ko kiɗa, ko kana iya wani yare, rubuta, wani lokacin shi ne zai sa a tuna da kai.

Shekaru ma ba matsala ba ne, ƙungiyoyi da yawa wahalarsu ita ce samun manya da za su fito a uba ko kaka, matasa ne suke cika wurin.

Me ake yi a ranar odishin ɗin?

Za ka zo, ka cike fom, a tambaye ka ranakun da ba za ka samu zuwa rihazal ba, wataƙila a ɗauki hotonka don kar a manta fuskarka, sai ka zauna jira. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai an ce ka zo da ɗan jawabi da ka haddace, na mutum ɗaya, wanda bai wuce minti ɗaya zuwa biyu ba, ko kuma a miƙo maka shafi ɗaya ko biyu daga cikin sikirif ɗin, wato rubutaccen wasan, a ce ka karanta tare da wani. A ƙungiyoyin sa-kai na biyun ya fi yawa. In wasan mai waƙa ne za a ce ka rera ɗan guntu, ba duka waƙar ba, wataƙila kuma a koya muku 'yan takun rawa a ga yadda kuke ɗauka.

Ga abin da ake yawan gani: mutum ya riƙe takarda da hannu biyu ya ɗago ta har ta rufe masa fuska, takardar na rawa, yana karatu da gudu kamar ana korarsa, bai ko kalli wadda suke karatun tare ba. Darakta saman kansa kawai ya gani. Kai ka riƙe ta da hannu ɗaya daidai ƙirji, ka ɗora babban yatsa a layin da kake, ka ɗauki jimlar da ido, ka ɗago kai ka faɗa wa mutumin da ke gabanka. In shi yake magana kar ka sunkuya neman layinka na gaba, yatsanka na riƙe maka wurin, kalle shi ka saurara. Ko da ka yi tuntuɓe a kalma ba komai, kowa ya san yanzu aka ba ka takardar.

Me zan shirya kafin in je?

In za ka iya samun wasan ka karanta shi duka, wannan kaɗai ya sa ka gaban rabin mutanen da za su zo. In jawabi aka ce, zaɓi wanda ya dace da shekarunka, wanda mai maganar yake neman wani abu a wurin wani, yana roƙo ko yana kare kansa ko yana ƙoƙarin hana wani tafiya. Ka guji na kuka da ihu tun daga farko har ƙarshe, sababbi suna son irinsa don suna ganin nan ne ake nuna iyawa, alhali yana gajiyar da mai kallo. Kar kuma ka kwaikwayi yadda wani jarumi ya yi a fim, kai aka zo gani.

Kaya kuwa, sa wanda za ka iya motsi da shi da takalmi marar ƙara, ba sai ka yi shigar rol ɗin ba. Ka zo da ruwa da fensir da jerin ranakun da kake da uzuri, kuma ka riga lokaci isowa.

Na gama sai darakta ya ce in sake amma ta wata hanya daban, na ɓata ne?

A'a wallahi, yawanci ma alama ce mai kyau. Wanda ba a sha'awarsa "mun gode" kawai ake ce masa. In darakta ya ce "sake, amma wannan karon ɗauka kana tsoron kar wanda ke ɗaki na gaba ya ji," gwada ka yake ya ga ko kana jin magana kuma kana iya canzawa. Ko da a ganinka abin da ya faɗa bai dace da sin ɗin ba, wato ɓangaren wasan da kake yi, yi shi da zuciya ɗaya, ka canza sosai yadda za a ga bambanci. Da yawa suna gyaɗa kai su ce to, sai su maimaita daidai abin da suka yi da farko, nan suke faɗuwa ba su sani ba.

Ni a ganina wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci a nan gaba ɗaya. Darakta zai yi makonni yana fama da kai kusan kullum da yamma, shi ma a gajiye ya taso daga aikinsa ba biyansa ake ba, don haka abin da yake tambayar kansa yana kallonka shi ne, wannan zan iya aiki da shi? Zai zo kan lokaci? In na gyara masa zai karɓa ko zai tsaya gardama? Mai matsakaiciyar baiwa da ake iya dogara da shi ya fi mai baiwa da yawa wanda sai an yi ta nemansa a waya, kuma duk daraktan da ya taɓa ƙonewa sau ɗaya ya san haka.

An ce in dawo zagaye na biyu, an ɗauke ni kenan? In kuma ba a kira ni ba fa?

Zagaye na biyu ba ɗauka ba ne, ana so ne a haɗa ku biyu-biyu a ga wa ya dace da wa. Kuma rashin kira ba kullum yake nufin an bar ka ba, wani lokacin darakta ya riga ya san inda zai sa ka.

In jerin sunaye ya fito ba ka ciki, zai yi ciwo, ba sai an ɓoye ba. Amma ka sani rabon rol yana da abubuwa da yawa da ba su hannunka, wadda aka zaɓa ta fito a 'yarka ta girme ka, ko muryarka ta yi kama da ta wani da aka riga aka ɗauka, ko ranakun uzurinka sun faɗa a makon ƙarshe. Za ka iya tambayar darakta cikin ladabi me zan gyara, bayan 'yan kwanaki, ba a ranar ba. Sannan ka nemi aikin bayan fage, fenti, jan labule, kula da kayan da 'yan wasa ke riƙewa. A nan za ka ga yadda ake haɗa wasa tun daga tushe, kuma odishin na gaba ba baƙo ba ne kai.

Rol ɗin da aka ba ni layi uku ne kacal, in karɓa?

Karɓi, musamman in wasanka na farko ne. Za ka koyi tsayuwa da shiga da fita da jure idon jama'a ba tare da nauyin shafi hamsin a kanka ba. Abin da ba shi da kyau shi ne ka karɓa da ɓacin rai sannan ka janye bayan an yi nisa. In ka san babban rol kawai kake so, faɗa tun a fom.

Lokaci nawa abin zai ci min?

Ya danganta da ƙungiya, amma abin da aka fi sabawa shi ne wajen mako shida zuwa takwas na rihazal, sau uku ko huɗu a mako, awa biyu zuwa uku kowane zama, mai waƙa da rawa yakan fi haka. Mai ƙaramin rol ba kullum ake nemansa ba da farko. Makon ƙarshe kuwa na kowa ne, duba tambayarsa a ƙasa. Ka zauna da iyalinka ko mai gidan aikinka ku yi maganar tun kafin ka amsa, domin ranar da ba ka zo ba ba kai kaɗai ka yi asara ba, duk wanda kuke sin ɗaya da shi ya zo a banza, sai dai ya yi ta magana da kujera.

Ta yaya zan haddace duk layukan nan?

Kaɗan-kaɗan kullum ya fi zama ɗaya na awa biyar, ƙwaƙwalwa tana riƙe abin da aka maimaita da tazara, aka kuma yi barci a kansa. Ka yi da murya a fili, kana tsaye kana tafiya. Rubuta layukan da hannu yana taimaka wa mutane da yawa. Wata dabarar kuma, ka ɗauki layukan sauran 'yan wasa a waya ka bar gurbi a inda naka suke, sai ka riƙa kunnawa kana cikewa.

Abu biyu ne sababbi ke mantawa. Na farko, ba layinka kaɗai za ka haddace ba, har da ƙarshen maganar wanda ke gabanka, don ita ce ke buɗe maka ƙofa. Na biyu, ka san dalilin kowace jimla, me ya sa mutumin nan ya faɗi wannan bayan waccan, in ka gane zaren tunanin kalmomin za su riƙa zuwa da kansu. Kar kuma ka haddace da wata murya ko kari guda ɗaya, in ya zauna maka cire shi aiki ne, ranar da darakta ya ce canza sai layin ya gudu gaba ɗaya. Za a sa ranar ajiye sikirif, ka yi ƙoƙari ka riga ta, don ainihin wasa ba ya farawa sai hannunka ya rabu da takarda.

Darakta ya ce in matsa hagu na matsa ya ce ba nan ba, wace hagun ake nufi?

Hagunka kai ɗan wasa, lokacin da kake fuskantar 'yan kallo. Damar dandamali ma haka. In an ce ka yi ƙasa, ka matso kusa da 'yan kallo kenan, sama kuwa ka ja baya, abin ya samo asali ne daga tsofaffin gidajen wasa na Turai da ake gina dandamalinsu da ɗan gangara, baya ya fi gaba tudu.

Duk inda aka ce ka tsaya, ka zauna, ka tsallaka, rubuta a gefen sikirif ɗinka nan take, da fensir don gobe ana iya canzawa. Ka riƙa ɗan buɗe jikinka wajen 'yan kallo ko da kana magana da na kusa da kai, kuma kar ka ja baya ka tilasta wa abokin wasanka ya juya wa mutane ƙeya don ya kalle ka.

Kullum ana ce min ba a ji na, in yi ihu ne?

Ihu zai kashe maka murya kafin ranar wasa. Daga ciki ake ɗauko numfashi, sa hannu a cikinka ka ja iska, cikin ne ya kamata ya taso ba kafaɗu ba. Ka aika maganar zuwa ga mutumin da ke kujerar ƙarshe. Sau da yawa ma matsalar ba ƙarfi ba ce, sauri ne da haɗiye ƙarshen jimla. Ka tuna zaure cike da mutane yana shanye sauti fiye da wanda ba kowa, abin da ya isa a rihazal ba lallai ya isa a daren wasa ba. In 'yan kallo suka yi dariya ka dakata ta fara sauka kafin ka ci gaba, in ba haka ba layin ya tafi a banza.

Ya zan yi in zama mutumin da nake fitowa a matsayinsa?

Fara da abin da ke cikin sikirif, me marubuci ya faɗa a kansa, me ya faɗa a kan kansa, me wasu suka faɗa a kansa. Sai tambayar da Stanislavski ya shahara da ita, da ni ne a wannan halin me zan yi? Sannan a kowane sin ka san abin da kake so daga wanda ke gabanka da abin da ya tare maka hanya.

Ga misali. An ce kana baƙin ciki don ɗanka zai bar gida. In ka sa a ranka "bari in nuna baƙin ciki" za ka ɓata fuska ka ja murya, kowa ya ga ƙarya. In kuwa ka sa a ranka "sai na hana yaron nan fita daga ƙofar nan", za ka lallashe shi, ka tsorata shi, ka tuna masa alherin da aka yi masa, ka tsaya a bakin ƙofa, kuma baƙin cikin zai fito da kansa lokacin da duk suka ƙi ci. Sauran aikin sauraro ne, irin wanda na faɗa a tambayar ranar odishin.

Ina jin tsoro sosai, in na manta layi a gaban mutane fa?

Bugun zuciya, bushewar baki, rawar gwiwa, duk aikin adirenalin ne, sinadarin da jiki ke saki in mutum ya tsorata, kuma waɗanda suka shekara suna wasa ma suna ji. Ka ja numfashi ka sake shi a hankali, fitar ta fi shigar tsawo, ka motsa jiki kafin a fara, ka riƙe jimlarka ta farko da kyau. Yawanci da ka faɗe ta abin yake sauka.

In layi ya ɓace, kar ka ce yi haƙuri, kar ka dafe kai, kar ka kalli bayan fage. 'Yan kallo ba su riƙe da sikirif, shirun da kake ji kamar shekara su a wurinsu daƙiƙa uku ne kuma sun ɗauka cikin wasan ne. Tsaya a halin mutumin, ka kalli abokin wasanka, ka faɗi ma'anar da kalmominka. In shi ne ya manta kai za ka cece shi, misali layinsa shi ne ya gaya maka ya sayar da gidan, ka ga idonsa ya yi fari, sai ka ce "ba dai gidan ka sayar ba?" shi kenan ya dawo hanya. Wannan ba ya yiwuwa sai ka san sin ɗin duka, ba naka layin kaɗai ba.

A rol ɗin akwai abin da ban yarda in yi ba, kamar taɓa jiki ko wata kalma, ya zan yi?

Faɗa tun wuri, tun a odishin in zai yiwu, kafin a gina sin a kai. Kana da ikon cewa a'a, kuma daraktan kirki zai nemo wata hanya ko ya gaya maka gaskiya cewa rol ɗin ba zai yiwu ba sai da shi, ka ga kowa ya huta. Duk wani taɓa jiki a dandamali shirya shi ake yi dalla-dalla da yardar kowa, ba a yi wa mutum ba-zata. Faɗa da mari da faɗuwa ma haka, ana tsara su ne a hankali ana maimaitawa, ba a marin gaske, kuma ba a ƙara komai ranar wasa don jini ya hau. In wani ya matsa maka ko ya ce ku yi rihazal ku biyu a inda ba ka natsu ba, kai maganar wurin shugabannin ƙungiya.

Abokin wasana yana ta kuskure, in gyara masa?

A'a. Gyara na darakta ne. Ko da kana da gaskiya, ɗan wasa ya gyara wa ɗan wasa yana ɓata zama fiye da yadda kake zato. In abin yana hana ka naka aikin, samu darakta ko manajan dandamali, wato mai kula da tafiyar wasan daga bayan fage, a gefe. Kai ma in an yi maka gyara ka rubuta ka ce na gode, in da tambaya ka bari a tashi.

Me ya sa kowa ke tsoron makon ƙarshe?

Don a nan ne ake haɗa komai, fitilu, sauti, kayan sawa, canjin kayan dandamali, kuma kusan kullum ake zuwa har dare. Za ka yi ta tsayuwa wuri ɗaya ana daidaita fitila a kanka, a ce fara, ka faɗi layi biyu a ce tsaya. Haƙuri kawai, ranar ta masu fitila da sauti ce, su ma sai a lokacin suka samu nasu rihazal ɗin. Daga nan sai rihazal na ƙarshe da cikakkiyar shiga kamar ranar wasa. Daga wannan makon manajan dandamali ne mai faɗa a ji, in ya ce saura minti biyar ka amsa don ya san ka ji. Ka duba kayan da za ka riƙe da kanka kafin a buɗe labule, kar ka taɓa na wani, kuma a bayan fage in kana hango 'yan kallo to su ma suna hango ka. Bayan wasan ƙarshe ana tsayawa a kwance kayan dandamali tare, har da mai babban rol.

Zan iya canza wasu kalmomi, ko in sa a ɗauki bidiyon wasan in ɗora a intanet?

Tambayi darakta tukuna, don abin ya shafi haƙƙin marubuci. A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan haƙƙin marubuta, haƙƙin yana kaiwa aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci, ƙasashe da yawa ma 70 suke yi. Wasan da ke cikin wannan wa'adin sai ƙungiya ta nemi izini, sau da yawa ko da kyauta za a nuna shi, kuma takardar izinin galibi tana hana canza kalmomi da ɗaukar bidiyo. Tsofaffin wasanni irin na Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, ba mai riƙe da su, amma sabuwar fassararsu tana da nata haƙƙin a hannun mai fassarar. In kuwa ɗan ƙungiyarku ne ya rubuta wasan, sai a tambaye shi kai tsaye, kuma kafin ka ɗora hoto ko bidiyo ka nemi yardar duk wanda fuskarsa ta fito a ciki, musamman in akwai yara, nan iyayensu za a tambaya.